Hoton Ƙirjinka Yana Illela

Zuwa gare ka, Mushe,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma da ban rubuta ta ba, don kai ɗan fari ne, kuma a gidanmu uwa ba ta sakin baki da ɗan fari. Shi ya sa nake ce maka Mushe, wato malam a bakin 'yan boko, yadda ɗalibanka na Malbaza ke kiran ka. Haka aka rene ni, kuma har yau ban ga laifin tarbiyyar ba.

Gida lafiya. An yanke gero, wake ne bai yi ba bana. Babanka ya koma aikinsa na buro, ba ya magana sai an tambaye shi. An turo wani malami ajinka, an ce ko farcen yara ba ya dubawa.

Ga abin da ke cina. Safiyar da ka faɗi kana ƙwallo da ɗalibanka, mun taso daga Konni muka tarar Yaya Halima ta riga mu isa asibiti, tun daga Illela. Wa ya fara aika mata? Lokotoro, wato likitan, ya ce bai gane abin da ya kayar da saurayi lafiyayye ba, yana so a buɗe ƙirjinka. Maza suka ƙi, kuma sun yi daidai. Sai ya ce to a yi maka radiyo, hoton ƙirji kawai, babu yanka, ba zai hana a rufe ka kafin la'asar ba. Ya tambaya ina uwar. Ina zaune a benci kaina a sunkuye, yadda ya kamata. Halima ta miƙe.

Na san yayata ce. Na san ba ta haihu ba, kuma da hannuna na miƙa mata kai ranar da aka yaye ka. Ban ce ba ta riƙe ka da kyau ba. Amma riƙo daban, haihuwa daban. Da ni aka tambaya, watakila in ce a'a, don gawa tana da mutunci, ba abin turawa cikin inji ba ce. To amma ni ya kamata in faɗi a'a ɗin. Ita ta shiga ɗakin da kai, ita ta gyara maka hannuwa, ita aka miƙa wa hoton a ambulan. Masu gaisuwar mutuwa ma gabanta suka durƙusa, ni kuma suna ce mini in yi ta ba ta haƙuri.

Lokotoro ya ɗaga hoton wajen haske ya nuna zuciyarka ta kumbura. Ya ce hoto kaɗai ba zai faɗi komai da komai ba, ya tambaya ko ka taɓa kuka da wani abu. Nan na ji Halima na cewa tun bara kake gaya mata numfashinka na ɗaukewa, kana jin jiri in ka yi gudu. Tun bara! Sau nawa ka bi ta Konni? Ka durƙusa ka ce da ni Tanti kamar ɗan maƙwabta, ka ci tuwona, ka wuce Illela ka zazzage mata cikinka. Ita ta jiƙa maka sassaƙe. Ni da na yi kwaleji, a ranar zan ja ka asibiti. Ɓoye wa uwa ciwo ba ladabi ba ne, kuma mutuwa ba za ta hana ni faɗa maka ba.

Lokotoro ya kuma tambaya ko wani ya taɓa faɗuwa haka a dangi. Kakanka, babanmu, a gona aka tsince shi a Bazaga, hauya a hannu. Ashe ta jikina abin ya biyo ya same ka. Ciwon nawa ne, hoton na Halima.

Yanzu ƙanenka Sani ne. Rannan ya ɗebo ruwa ya jingina da bango yana haki, leɓɓansa sun yi fari. Lokotoro ya ce a kawo shi, a zo da hotonka a gwada da nasa. Na haɗiye girman kaina na tafi Illela. Ta fito da shi daga ƙasan akwati, naɗe cikin rawanin sallarka. Ta bar ni na duba, amma ba ta saki gefen ba. Haƙarƙarinka na gani, Mushe. Na daɗe ban kalle ka ido buɗe haka ba, kuma a hannun wata.

Ta ce ita za ta kawo hoton da kanta. Na yarda, don ran Sani ya fi fushina. Gobe mota ɗaya za mu shiga. Sai dai da za ta raka ni tasha ta ce in an gama a bar mata Sani ya huta a ɗakinka, Illela ta fi shiru, kuma gidan ya yi mata faɗi. Ban amsa ba, don ba na musu a titi.

Kai nake gaya wa amsar. Gobe in lokotoro ya tambaya ina uwar, kafin ya rufe baki na miƙe. Ta riƙe hoton, na bar mata. Sani kuwa Konni zai kwana, a ɗakina, inda zan ji numfashinsa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ni ce wadda ta haife ka,
Zainabu, Konni