Waƙar Renon Rufaida

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

An zaɓi Rufaida! Wani Bature ɗan Ostiriya, Lorenz, ya je makarantarsu neman yaran da za su rera waƙar da aka yi renonsu da ita. Abbanta ya duba shi a waya. Ashe babban mutum ne: ya tsufa a harkar fim, lambobin yabo ba adadi, yanzu kuma ɗakuna yake cikawa da majigi da muryoyin mutane. Duk garin da ya sauka layi ake yi. Kafin la'asar kowa a ofishin jakadancinmu da nake aiki a nan ƙasar Larabawa ya ji 'yata za ta wakilci Najeriya. Har Hansai abokiyar aikina ta ce, "Hajar, ki bar mu mu sha ruwa mana."

Alhamis, 7 ga Nuwamba

An ɗauki muryarta. Na tambayi wace waƙa ta yi, ta ce sai na gani. Ban matsa ba, aiki ya sha min kai.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Wayyo ni.

Na ci ado, na kwashi Hansai da wasu matan ofis muka je bikin buɗe nunin aikin Baturen. Ɗaki mai duhu, fuskokin yara a bango, wadda ta haska sai ta yi waƙa. Sai ga Rufaida, an rubuta Najeriya a ƙasanta. Ta lumshe ido ta fara. Ba Hausa ba. Ba ma Larabci ba. Yaren Filifin! Waƙar Marisel ce, 'yar aikin da ta goya ta shekarun da nake fita tana barci in dawo tana barci.

Hansai ta raɗa min, "Wannan Hausar wane gari ce?" Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi kuma Baturen ya zo da fara'arsa, wai muryar 'yata ta sa shi hawaye, a ina na koyi yaren? Na tsaya ina yaƙe kamar doluwa.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Na sauke wa Rufaida kwandon faɗa. Duk waƙoƙin Hausa ki rasa sai ta 'yar aiki? Ta dube ni ta ce, "Mama, wacce kika taɓa yi min?" Ba rashin kunya ba ne, tambaya take yi. Shi ya fi min ciwo.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ko ƙofa ban leƙa ba.

Litinin, 2 ga Disamba

Ina yi mata kitso, ban san lokacin da waƙar da Inna take yi mana ta fito daga bakina ba. Rabi ma, sauran ya ɓace min, ga murya duk ta dishe. Ba wani abu ba ne, yarinya mai shekara sha huɗu ai ta wuce reno. Ta ce, "Mama, sake." Na ce ta daina motsi kar kitson ya karkace.

Na dai sake.