Kibiyar Da Na Karanta a Juye

Zuwa ga Mai Girma Kocin ƙungiyar ƙwallon garinmu, Birnin Gwari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Ranka ya daɗe, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, ko Innarmu. Ni ce na ja aka ci ku biyu a wasan da ya wuce, ba Yaya Habu ba, ɗan wasanka mai lamba shida da ka dakatar sati uku ke nan. Ni ƙanwarsa ce. Bara na gama firamare.

Ga yadda aka yi.

1. Ana jibi wasa kana Kaduna, hanya ba ta biyu ba, ba ka samu zuwa atisaye ba. Sai ka turo ta waya aka buga wa kowane ɗan wasa takarda da sabon tsari, huɗu-uku-uku, da zane da kibiyoyi da Turanci. Yaya Habu aji uku na firamare ya tsaya, tun lokacin da muka baro ƙauyenmu Kakangi da kayanmu a ka. Ni nake karanta masa komai.

2. Ban gane Turancin ba. Ya zauna a gabana yana jira, ya ma riga ya gaya wa Inna wai ƙanwarsa 'yar boko ce. Na ji kunyar in ce ban sani ba. A zanen babu alamar wace raga ce tamu. Na ga kibiya ta tashi daga lamba shida, sai na ce masa in lamba biyu da lamba uku suka hau gaba, shi ma ya bi su. Daga baya na kai wa wata malamarmu takardar a ɓoye. Ashe a juye na riƙe ta. Cewa ka yi ya koma baya, ya tsaya tsakanin lamba huɗu da lamba biyar ya toshe gurbin.

3. Ina filin ran nan, a bayan masu sayar da rake. Sau biyu ya hau, sau biyu aka bi ta inda ya bari. Kana ta ɗaga masa hannu, ihu bai bari ya ji ba. Ka cire shi kafin a tafi hutun rabin lokaci.

4. Da ya ce abin da ke takarda ya bi, ka kira shi maƙaryaci a gaban jama'a, ka ce ɗan daji ba ya jin magana. Ya dawo gida ya ce in ba shi takardar ya kai maka. Na ce ta ɓace. Ba ta ɓace ba.

Laifina na ɗauka. Amma ranka ya daɗe, ina da ƙorafi, ka yi haƙuri da ƙanƙantata. Shekara biyu yana tare maka tsakiya. Shi ke ƙwace ƙwallo ya miƙa, wasu su ci a tafa musu. Ko sau ɗaya ka tambaye shi ko ya iya karatu? Na san ba shi kaɗai ba ne a cikinsu ake karanta wa takarda. Tsarin da ba a gwada a fili ba, yaya za a hukunta mutum a kansa? Kuma dajin da ka goranta masa, ba mu muka zaɓi abin da ya fito daga cikinsa ya kore mu ba.

Ina roƙon ka janye kalmar maƙaryaci a inda ka faɗe ta. Ka mayar da shi lambarsa. In za ka canza tsari, ka nuna musu a ƙasa, ko da tsakuwa ne, da Hausa.

Har yau kullum da asuba yana fita gudu shi kaɗai, ya dawo ya goge takalminsa ya ajiye. Bai taɓa zargina ba. Jiya ma shi ya sayo mini biro.

Ɗazu na ciro takardar daga ƙasan akwatin Inna. Na rubuta "tamu" a jikin ragar da ta dace, na ninke, na sa a cikin takalminsa na dama. Gobe zai gani. Zan zauna a bakin ƙofa in jira shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ƙungiya nasara, ya ba garinmu zaman lafiya.

Wassalam.

Ƙanwar mai lamba shida.