Yajinka da Bikon Roni

Ƙanina Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya matarka Hajara da yara, ya sanyin Jeniba? Mu a Kazaure lafiya lau, sai dai ka ja mana abin kunya.

Saƙon da ka bugo Kano ta tarho, wai ƙungiyarku ta ma'aikatan hukumar duniya ta shiga yajin aiki, kafin ya iso kunnen Inna "aiki" ya faɗi a hanya. Ta ɗauka Hajara ce ta yi yaji. Ko tuwo ba ta ci ba, washegari ta tura Kawu Sule zuwa Roni, garin su Hajara, da goro ya yi biko. Surukanka suka ce, "Bikon wa?" Yanzu baban Hajara ya rantse akwai abin da kake ɓoyewa, uwarta kuwa sai kuka.

Haba Habu! Na yi wa Inna bayani har muryata ta dushe. Ta ce, "Namiji da yaji? To, wa zai je bikonsa?"

Don Allah Hajara ta rubuto wa iyayenta da hannunta. Ka gaishe ta, ku sa mu a addu'a. Kai kuma in Turawan da kuke yi wa aiki sun zo biko, ka koma ɗakinka.

Yayarka,
Binta