Ɗaurin Shayin Inna

Chicago, Janairu 1958

Yaya Desbah,

Ina gaishe ki. Yaya yara da tumaki a wannan sanyi? Ni lafiya lau. Tarin da ƙurar masana'anta ta sa mini ya yi sauƙi, jinin da nake tofarwa ma ba kullum ba.

Shayin jejinmu mai rawayan fure ya iso, na gode. Kin ce Inna ce ta tsinko. Yaya, tun ina yaro na san ɗaurinta: da karan ganyen take naɗewa, sau uku. Waɗannan da kika aiko kuwa, da zaren ulu aka ɗaure su.

Na kasa dafawa. In hannunta ne ya gaza, gaya mini. In kuwa abin nan ne da ba ma ambata a al'adarmu, tafiyar da ba a dawowa, kada ki rubuto. Zan gane.

Ƙaninki,
Notah