Kwalin Farantan Inna Ya Durƙushe

Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu nan kowa ƙalau, ƙafar Goggo ma ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa.

Yaya, ki samu wuri ki zauna. Kwalin nan da kika bar mini amana, mai farantan tangaran na marigayiya Inna, wanda kika ja mini kunne kada in buɗe, ya durƙushe. A ɗakin ajiya muka jingina shi da bango, Baban yara ya ɗora buhun shinkafa biyu a kai, wai kwali ne mai kauri, ko shi ya hau zai ɗauka. Duk rani yana tsaye abinsa. Damina na kankama bangon ya fara tsattsafo, shekaranjiya da safe muka tarar buhunan sun nutse ciki. Baban yara ya dafe kai, yana cewa da wane ido zai kalle ki.

Aka kira Kawu, tunda shekara talatin ya yi yana lodi a kamfani. Ya yagi gefen kwalin, ya nuna mana lanƙwasasshiyar takardar da ke tsakiya, ya ce a nan ƙarfin yake, da kusurwoyin nan huɗu. Wai danshi kawai ya isa ya sa shi laushi ko ruwa bai taɓa shi ba, kuma nauyin da zai ɗauka na kwana ɗaya ba zai riƙe shi wata shida ba, gajiya yake yi kamar mutum. Kamata ya yi a ɗora shi kan katako, nesa da bango. Daga nan ya leƙa ciki, ya ce shi tsofaffin jaridu kawai yake gani, babu ko ɓallin faranti. Kowa ya juyo yana kallona.

To, Yaya, na tona kaina. Sati biyu da tafiyarki na kwashe farantan na jera a kabad ɗina, a cikinsu nake cin abinci kullum. Baban yara kuwa wata shida yana ci a cikinsu bai gane ba, Kawu ya yi masa dariya har da tari. Ko ɗaya bai fashe ba. Ki yafe mini rashin jin magana, kewar Inna ce ta ishe ni, in na riƙe farantinta sai in ji sanyi a raina. Ina roƙon ki bar mini su a waje har ki dawo.

Goggo da Kawu suna gaishe ki. Baban yara ya ce a ba ki haƙurin buhunan. Ki shafa mini kan yara.

Taki mai laifi,
Auta