Ranar da Muka Share Hujjarmu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya tsare ku, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ciwon bayan Gwaggo ya yi sauƙi, Kawu kuma an sa masa sabon haƙori, yanzu ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya yi murmushi. Keken ɗinkina yana nan yana kukansa yadda ka bar shi. Ƙafar Inna ce ta ƙi warkewa, kuma ita ta sa na zauna rubutu, don in na kira ka a waya wa'azin 'yancin ɗan ƙasa za ka yi mini har katina ya ƙare.

Ka san lambatun da ya taso daga mayanka ya bi ta ƙofar gidanmu. Tun da aka faɗaɗa mayankar ya kasa ɗaukar abin da ake zuba masa. Jini da kayan ciki suna taruwa a bakin zaure, su kumbura a rana, tsutsa na hawa dakali. Ƙuda kuwa, ko hamma za ka yi sai ka tare baki da hannu. A cikin wannan ruwan Inna ta zame ta yanke a dunduniya. Likita ya ce muddin tana taka ƙazantar nan ciwon ba zai rufe ba, ko a gyara lambatu ko ta bar gidan. Kai kuwa ka san Inna da ɗakin da Baba ya bar ta a ciki.

Kullum kana ce mini a can inda kake, ko fitilar titi ce ta mutu mutane fita suke da kwalaye, washegari a gyara. To mun fita. Malamar firamare ta rubuta mana kwalayen, mai gyaran babur ya tattaro samari, mu matan layi muka shige gaba, muka tare titin ofishin hukuma tun safe har rana ta take. 'Yan sanda suka watsa mana barkonon tsohuwa, na dawo ido jajur da takalmi ƙafa ɗaya. Yaya Babba, da yake zaune can kan tudu inda ruwa ba ya kwana, ya kira ni yana faɗa wai mun tsare shi a hanya ya makara taro. Ya ce mu 'yan ta da zaune tsaye ne, kuma warin bai kai yadda muke zuzuta shi ba. Mutumin da in ya zo gaida Inna ba ya sauke gilashin mota sai ya shiga zaure. Duk da haka fitar ta yi rana, don hukuma ta sa ranar da za ta turo mutanenta su gani da idonsu.

Ana gobe za su zo na tafi kasuwa sayen zare. Da na dawo sai da na tsaya na duba ko layinmu ne. Ashe Inna ce ta sa aka fito mata da kujera, da ƙafarta a naɗe, ta ce manyan baƙi za su tsaya a ƙofar gidanta, ba za a tafi ana cewa gidan marigayi gidan ƙazanta ba ne. Ta sa aka share gabanmu. Maƙwabta suka gani, kowa ya ƙi yarda ƙofarsa ta zama ita ce mai datti. Samarin da suka sha hayaƙi tare da ni su ne suka kwashe lambatun da shebur. Mai bulo ya ba da yashi aka rufe inda jini ya rina ƙasa, wani ya shafa farar ƙasa a gefe. Har aike aka yi mayanka a roƙe su kada su saki ruwa sai baƙi sun tafi, su kuwa suka amsa da murna. Na yi ta magana har muryata ta dushe, ina ce musu hujjarmu suke sharewa. Malamar firamare ta zauna a dakali tana hawaye. Inna ta ce dama tun ina ƙarama ba ni da kunya.

Baƙin suka zo cikin fararen kaya, aka zaunar da su a inuwa, aka ba su ruwan sanyi. Babbansu ya ce bai taɓa ganin layi mai tsabta irin namu ba, ya kamata sauran unguwanni su yi koyi da mutanen da ba sa jiran gwamnati. Auta, tafi aka yi masa. Na miƙe zan yi magana, dattawan layi suka ce mata su yi haƙuri, baƙi na sauri. Aka jera aka ɗauki hoto. Kafin magaribar washegari jini ya dawo bakin zaure. Da muka koma ofishin, akawu ya nuna mana hoton, kowa baki har kunne, ya ce an rufe maganar.

Da aka yi ruwan farko lambatun ya shiga ɗakin Inna, ya jiƙa katifa da akwatin kayanta. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Yaya Babba ya zo ya ɗauke ta zuwa tudu, ya sa ta a ɗakin bene inda ba ta san kowa ba, tana wuni a bakin taga. Yana kuma ce mini ga abin da zanga-zanga ta jawo. Wallahi ƙyama nake ji, ta shi, ta masu fararen kaya, ta mu kanmu. Kai ma ban bar ka ba, da saƙonka na cewa mu sake fita, kana zaune inda ko warin bola ba ka ji.

Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Inna ta ji labarin kana shirin zuwa, ta ce in gaya maka ka sanar da wuri, don a gyara layi kafin ka iso da iyali. Na isar da saƙonta. Nawa kuma shi ne kada ka gaya wa kowa ranar. Ka zo haka nan, ka sauka a ƙofar gidan Baba da takalminka mai kyau.

Yayarka,
Tela