Wayar Tijjani Ce Kaɗai Ke Kai Ni Wurin Yumma

Hajiya Ihsan, don girman Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

A Sudan aka haife ni, amma na daɗe da zama ɗan Amurka. Injiniya ne ni a wani kamfani a jihar Bajiniya mai yi wa gwamnati aiki, kuma ba mai zama a sashenmu sai an tantance shi an yarda ya ga sirrin ƙasa. Yanzu ni ake tantancewa. In suka ƙi ni aikin ya tafi, ga 'yata mai ciwon ƙoda, inshorar aikin nan ce ke riƙe da ita.

Mahaifiyata, Yumma, tana ƙauyenmu kusa da Shandi. Idonta ya tafi, waya kuwa ko an saya mata sai ta ɓace a kwandon albasa. Duk Juma'a Tijjani ke kai mata tasa mu gaisa. Tijjani ba jinina ba ne, Yumma ce ta shayar da shi, nono ɗaya muka sha. Kuma hafsan soja ne.

Mai binciken ya tambaye ni me ya haɗa ni da sojan wata ƙasa duk mako. Na ce ɗan'uwana ne. Ya ce ai can baya na ce ni kaɗai ne namiji a gidanmu. Na yi ta bayanin shayarwa, yana kallona kamar mai shirya ƙarya. Tun ranar na daina kira, na daina ɗauka.

Shekaranjiya Tijjani ya turo muryarta: "Ka ce wa Ba'amurken nan ya kwantar da hankalinsa. Na hana a gaya masa ranar da na mutu, kada a kore shi." Wallahi na kasa cin abinci. Yaya zan yi?

Mai kuka a Bajiniya

Ɗana, tsoronka na kan hanya. 'Yarka amana ce, mai binciken kuma aikinsa yake yi. Amma ka yi kuskure. Kiran da ka yanke bai goge na baya ba, sai ma ya sa ka yi kama da mai ɓoye wani abu.

Ka nemi lauyan da ya san harkar. Ka bayyana wa masu binciken komai a fili, ka kawo malamin da zai yi bayanin shayarwa. Ka samo maƙwabciyar da ba ruwanta da soja ta riƙa kai wa Yumma waya. Ka fara neman wani aikin mai inshora tun yanzu, don ba zan ruɗe ka ba, ko ka yi duk wannan suna iya ƙin ka.

Kafin komai, ka kira Yumma yau ta wayar Tijjani, gobe ka sanar da ofis cewa ka kira. Kada ka jira Juma'a, matar da ta fara tsara labarin mutuwarta ba a sa mata rana.

Allah ya ba 'yarka lafiya, ya sa ka sami Yumma da rai.